Na Yi Wa Mijina Sadaka Da Motarsa, Yanzu Ina Bukatarta

Zuwa ga Uwargida Aspazia,

Ki taimake ni, 'yar nan, kuma ki hanzarta, don akwai makullin mota a kan ginshiƙin ƙofar gidana yau kwana tara. Ruwa ya dake shi sau biyu, ƙauyen nan kaf an zuba ido a ga hannun wa zai fara taɓa shi. Na ce miki 'yar nan don na ga hotonki a saman filin nan, ko da an yi wa hoton gyara na girme ki. Shekarata saba'in da ɗaya. Aji bakwai na yi a makaranta, saboda haka in kin ga waƙafi a inda bai dace ba, ki ɗauke shi ki kai inda ake bukatarsa. Na canza sunayen mutane, ko da yake aikin banza ne, duk wanda ke tsakanin nan da garin Barlad zai gane mu tun layi na uku.

Bari in fara da motar, tunda ita ce uwar rigimar.

Mijina Tanase, Allah ya ji ƙansa, ya saye ta shekarar da ɗanmu ya gama sakandare. A takarda an rubuta fara ce, a ido kuwa launin tsohon haƙori gare ta. Ni na koya masa tuƙi, ki rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Tun ina 'yar shekara goma sha tara nake tuƙa tarakta a gonar haɗin gwiwa, ina da lasisi a aljihu lokacin da shi ko keke bai iya juyawa ba sai ya sauka. Amma daga ranar da motar nan ta shigo gidanmu bai taɓa bari na zauna bayan sitiyari ba. Wai hannuna ya saba da tarakta, zan karya mata ƙashi. Shekara ashirin da biyu ina zaune a gefensa ina taka birkin da babu shi a ɓangarena.

Motar nan tana da murya. Salansarta ta fashe tun da wuri, kuma Tanase ya rantse ƙarfinta a ƙarar yake, bai yarda an liƙe ba. Tun daga gadar rafi ake jin ta. Da na jiyo ta sai in ɗora ruwan tuwon masara, kafin ya kashe inji a tsakar gida na juye tuwon a kan katako. Agogon bangonmu ya tsaya shekara uku ban lura ba.

Ya rasu shekara shida da suka wuce, lokacin tsinkar inabi. Ranar arba'in muka yi masa sadaka yadda ake yi: gado da katifa, tebur, kwanuka, rigunansa, takalman hunturu, don kada ya rasa komai a can. Ina cikin raba kayan na dubi motar a ƙarƙashin rumfa, na ce a raina, mutumin nan ko shago ba ya zuwa a ƙafa, yaya zai yi a can? Na naɗe makullin a sabon tawul, na haɗa da kyandir da burodi, na miƙa wa maƙwabcinmu Zaharia ta saman kabarin, a gaban Fada Ilarie da kowa da kowa. Na ce na ba shi don ran Tanase. Ya karɓa hannu biyu, ya ce bogdaproste, kamar yadda mai karɓar sadakar mamaci ke cewa. Kin sani, na sani, da an faɗi wannan kalmar magana ta ƙare. Abin ya zama na Zaharia a nan, ya zama na Tanase a can.

Zaharia mutumin kirki ne, tumaki goma sha biyu ne duk arzikinsa, kuma magana tsada take yi masa. Matarsa Profira ita ke magana a madadinsu su biyu, har da ta tumakin. Tun muna 'yan mata muke ƙawance, kuma tun lokacin muke faɗa. Kowace Alhamis suna loda cuku a motar su kai kasuwa, sau ɗaya a wata kuma ya kai ta asibiti a duba sukarinta.

Takardu kuwa ba mu taɓa su ba. Da aka yi rabon gado, ɗana ya bar mini kasonsa, motar ta koma sunana. Na ce wa Zaharia mu je ofis a mayar da ita sunansa, ya ce sadaka ba ta bin layi a ofis. Muka bar ta haka. Harajinta bai taka kara ya karya ba, ni nake biya, ina ɗaukarsa cikon sadakar.

To, bana da bazara aka daina turo mana ƙaramar bas. Wai mu tsofaffi ne, ba ma cika kujeru. Daga nan zuwa babban titi kilomita huɗu ne, zuwa gari goma sha takwas, ni kuma maganin zuciyata a gari yake. Ɗana Octavian, wanda ke zaune a birnin Iasi a bene hawa na bakwai, ya zo ya tsaya a tsakar gidana da takalminsa mai ƙyalli, kaji suna leƙa fuskarsu a ciki. Ya ce, "Mama, na gama magana. In ranar Waliyyi Dumitru ta zo ba ki da hanyar kai kanki gari, zan zo da akwatuna. Ɗakin Smaranda yana nan, ta tafi jami'a." Na ce, "Tavi, ni da na wanke maka gindi za ka ba wa'adi?" Ya ce, "Shi ya sa na ba ki har ƙarshen Oktoba, da wata ce da yau zan ɗauke ta."

Na taɓa kwana huɗu a benen nan. Tagar ɗakin tana kallon tagar wani mutum mai yini da singileti. Surukata tana da kirki, amma tana wanke ƙwai da sabulu. Ba zan je ba. A gidan nan aka kawo ni amarya, inabin da ke rumfar ni na dasa shi, kuma daga bakin rijiyata ina hango gicciyen Tanase a kan tudu. Wannan ba shi ne abin da nake neman shawararki a kai ba, na riga na yanke.

Jikata Smaranda ce ta kawo maganar motar lantarki. Ta ce gwamnati tana biya wa mutum wani kaso mai tsoka na kuɗin, cikin shirin nan nata da ake kira Rabla. Ta kai ni wurin dillalin motoci a Barlad. Wani saurayi mai man gashi ya tare mu, yana yi wa Smaranda bayani kamar ni buhun dankali ce da ta shigo da shi. Na ce, "Ɗan nan, ni ce mai sayen, ita rakiya ta yi, kuma tana da saurayi." Ya ce, "Kaka, kina da lasisi?" Na fito da shi, ban taɓa bari ya mutu ba, duk lokacin sabuntawa sai na je, Tanase yana mini dariya. Na zauna a ƙaramar, wata shuɗiya. Uwargida, ba ta da kuloci. Gwiwata ta hagu ta daɗe da yin ritaya, ita ce ta hana ni tunanin kowace mota, ga shi an ƙera wadda ba ta bukatar gwiwar hagu. Na zaga filin bayan shagon sau uku, saurayin yana riƙe da ƙofa yana karanta addu'ar da bai yi ba tun yana yaro. Ba ƙara, ba hayaƙi, kamar ana jan mutum a kan bargo. A gida kuma ina da sola a kan rufi, Tavi ya sa mini bara, rana tana zuba a kanta kyauta.

Na sayar da ɗan filin da ke bakin rafi, wanda ba abin da yake haifarwa sai sauro. Da kuɗinsa da tallafin gwamnati motar za ta zama tawa. In babu tallafin, ko ƙofofinta ba zan iya saya ba. Sai mai man gashi ya ce akwai sharaɗi: sai na kawo tsohuwar mota mai rajista da sunana, a kai ta wurin 'yan gwangwan a murƙushe, a ba ni takardar shaida. Ya ce, "Kaka, kina da wata tsohuwa a gida?" Na ce, "Ban da ni?" Smaranda ta duba a wayarta ta ce, "Kaka, ai motar Kaka Tanase har yanzu sunanki ne a kanta." Muka kamo hanyar gida.

Yanzu ga inda na yi abin kunya, kuma ke kaɗai zan faɗa wa, ke da duk masu sayen jaridarku.

Ba zan iya zuwa in ce wa Zaharia ya dawo da sadaka ba. A ƙauyenmu ba a taɓa yi ba. Wadda ta karɓe sadakar mamaci ta tuɓe wa mijinta riga a lahira ke nan. Amma kin san in mamaci ya zo wa mutum a mafarki ya nemi abu, ba a musu, yi ake yi. Sai na ce to, bari Tanase ya nema da kansa.

Ranar Lahadi bayan coci na kama hannun Profira, na yi fuskar tausayi. Na ce na ga Tanase a mafarki, baƙi ƙirin da hayaƙi, yana tari. Ya ce maƙwabtansa na can sun kai ƙararsa, motar ta hana kowa hutawa, a taimake shi a kai ta gwangwan. Profira ta yi alamar gicciye, ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Na dawo gida ina jin kaina kamar lauya.

Ranar Laraba sai ga ta da ƙwai shida a cikin gyale. Ta zauna, ta sha kofi, ta yaba labulena, sannan ta ce, "Ƙawata, ashe ni ma zai zo mini. Jiya na gan shi, fes da shi cikin farar riga, ya jingina da motar yana murmushi. Ya ce an sasanta da maƙwabtan, motar ba ta taɓa lafiya irin ta yanzu ba. Abu ɗaya ya roƙa, tayoyin gaba biyu kafin sanyi." Ta dube ni, na dube ta. In na ce ƙarya take yi, sai ta tambaye ni yadda aka yi na sani. Uwargida, na sayi tayoyin. Sababbi fil, na miƙa su, Zaharia ya ce bogdaproste.

Ban haƙura ba. Mako na gaba Tanase ya sake zuwa mini, ya ce ya ga wani da motar lantarki a can, ransa ya biya. Kwana biyu Profira ta aiko cewa ya zo mata ya janye maganar, ya bincika ya tarar babu wurin caji. Daga nan abin ya fi ƙarfinmu. Mai shago ta gan shi yana neman a biya masa bashin kwalba biyu. Mai kaɗa ƙararrawar coci ya gan shi yana cewa a ba mai kaɗa ƙararrawa tsohuwar jakarsa ta farauta. Mutumin da bai cika shiga gidan mutane ba yana raye, ya zama ba gidan da bai shiga ba. Har Fada Ilarie ya tsaya a gaban jama'a ya ce marigayi Tanase ya yi yawo ya isa haka, a bar shi ya huta, kuma yana maganar yana kallon wurin da nake tsaye.

Ina dariya ina rubuta miki wannan, amma ga abin da ba na dariya ba. Shekara shida ban taɓa ganinsa a mafarki ba, ko sau ɗaya. Nakan kwanta in ce masa, kai tsohon banza, ko zagi ne zo ka yi. Shiru. Da Profira ta ce ta gan shi cikin farar riga, na san ƙarya ce kamar tawa, amma sai da na shiga rumbu na zauna a kan buhun masara na yi kuka, don ko ƙaryar ma tata ta fi tawa kyau. Ita ta sa masa farar riga, ni na shafa masa baƙi.

Ranar Talatar makon jiya da hantsi, ina ba kaji hatsi, sai ga Zaharia a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Bai shigo ba. Ya ɗora wani abu a kan ginshiƙi, na duba, tawul ɗin nan ne na ranar arba'in, ashe ya adana shi, da makullin a ciki. Ya ce, "Maƙwabciya, in shi ya ce, ga shi nan, ki ɗauka. In ke kika ce, ki faɗa mini da bakinki." Ya mayar da hularsa ya tafi. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Makullin yana nan. Ban taɓa ba, bai dawo ya ɗauka ba. Masu wucewa suna rage tafiya su kalle shi kamar gawa. Ranar Alhamis na hango su, shi da Profira, da kwandunan cuku a baro, suna turawa zuwa babban titi, ita da sukarinta da kumburarrun ƙafafunta. Ba ta ko kalli gidana ba. Kuma a ranar ce karon farko cikin shekara ashirin da takwas da la'asar ɗin Alhamis ta yi ban ji motar nan ta hawo daga gada ba. Ban faɗa miki ba ɗazu: har bayan rasuwarsa, duk Alhamis in na jiyo ta ina ɗora ruwan tuwo. Na san Zaharia ne a ciki, ba hauka nake yi ba. Hannuna ne ke yi. Wannan Alhamis ɗin na tsaya da tukunya a hannu har ruwan ya huce.

Mai man gashi ya kira sau biyu, ya ce in ban kawo takardu da wuri ba kuɗin tallafin bana zai ƙare a kan wasu. Waliyyi Dumitru saura mako bakwai. Doka ta ce motar tawa ce. Makullin yana ƙofata, mai shi ya kawo da hannunsa. In miƙa hannu kawai ya rage, in zauna a gidana har a fitar da ni ƙafa a gaba. Shuɗiyar motar nan zan same ta, ko ta wace hanya, hawa na bakwai kuwa sai dai su kai hotona. Amma ki faɗa mini, in ɗauki makullin nan ko kada in ɗauka? In na ɗauka, me na ɗauka, kuma daga hannun wa?

Taki,
Tsohuwar direbar tarakta

*

Ranki ya daɗe, Direba,

Waƙafinki duk suna inda ya kamata, kuma hoton ba a yi masa gyara ba, tsoho ne kawai.

Ki ɗauki makullin yau ɗin nan. Amma ba cikin gidanki za ki shiga da shi ba. Ki sake naɗe shi a tawul ɗinsa, ki tsallaka gidan Zaharia da rana tsaka, lokacin da Profira take nan, ki ajiye shi a kan teburinsu. Mutumin nan ya ba ki zaɓi biyu, kuma ya san wanne ne gaskiya tun kafin ya taho. In kika ɗauka kika yi shiru, kin ce masa Tanase ne ya nema, kin ƙara ƙarya a kan ƙarya, kuma da ita za ki riƙa tuƙa sabuwar motar. Ya roƙi ki faɗa da bakinki. Ki faɗa: ban yi mafarki ba, ni ce nake so, ga dalilina, ɗana zai ɗauke ni daga gidana. Na lura a duk wasiƙarki ba inda kika ce kin gaya musu maganar wa'adin nan. Shekara hamsin kuna ƙawance da Profira, ta san kina son mota, ba ta san kina tsoron akwatuna ba.

Kina da gaskiya ta wani ɓangaren, ba zan rage miki ita ba. Takarda taki ce. Son zama a gidanki ba son kai ba ne. Kuma barin mota da sunanki a hannun wani shekara shida ganganci ne, ko da tsarkin zuciya aka yi shi, don in wani abu ya faru a hanya ƙofarki za a fara ƙwanƙwasawa. Amma su ma suna da tasu. Kin bayar a gaban kabari, an karɓa, sun gina Alhamis ɗinsu da asibitinsu a kan kyautarki. Profira ta yi ƙarya don ta kare abincin gidanta, bayan ke kin fara. Tayoyin nan biyu ki ɗauke su a matsayin tara, kuma an yi miki sauƙi.

Ga abin da nake gani. Ba ƙarfe kika ba Zaharia don ran mijinki ba, hanyar zuwa kasuwa da asibiti kika ba shi. Ƙarfen ya kusa shekara talatin, ko ba ke ba, wata rana masu gwajin lafiyar mota za su ƙi sa masa hannu, sadakar ta mutu a ƙarƙashin rumfa. Saboda haka kada ki je karɓe sadaka, ki je roƙon a sauya mata mazauni. Sabuwar mota tana zuwa da makulli biyu. Ɗaya naki. Ɗayan, ranar da Fada Ilarie zai zo ya yayyafa mata ruwan albarka, ki naɗe shi a wannan tawul ɗin ki miƙa wa Zaharia a gaban mutane, don ran Tanase: duk Alhamis da duk ranar asibitin Profira motar tasu ce, cajin daga rufinki. Ki fara zuwa wurin Fada ki faɗa masa komai, ya riga ya sani, jira yake ki zo. Wannan karon kuma sadakar ta bi layi a ofis. A rubuta yarjejeniyar, a tabbatar inshora ta san shi ma zai tuƙa, Octavian ya sa hannu a ƙasa, don alkawarin ya rayu ko bayan ranki.

Zaharia yana iya cewa a'a. In ya faɗa, hakkinsa ne, kada ki tura masa wani mafarkin. Ku je a mayar da motar sunansa a gama. Kuɗin filinki zai sayi ƙaramar mota ta hannu marar kuloci, ko da mai shan fetur ce, kuma ita ma amsa ce ga wa'adin ɗanki. Abin da kika ƙudura shi ne zama a gidanki, shuɗiyar mota hanya ɗaya ce kawai zuwa can. Sai dai ina zaton mutumin da ya adana tawul shekara shida ba zai so ya ga an rufe gidan da ke jikin nasa ba.

In ya yarda, ki bi a hankali duk da kiran mai man gashi. Sharuɗɗan tallafin nan suna canzawa daga shekara zuwa shekara, Smaranda ta karanta na bana da idonta, kada ku tsaya ga bakin mai sayarwa. Kada tsohuwar ta shiga gwangwan sai kin ga amincewar a rubuce da ranar da za a ba ki sabuwar, in ba haka ba gida biyu za su koma tura baro. Ki kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin gidanki kafin ki jona mata komai. Ki sani sola tana yin rowa da hunturu, batir ma yana saurin gajiya cikin sanyi, ko da yake kilomita goma sha takwas ba za su gagare shi ba. Ki je a duba idonki, likitan zuciyarki ya ce ya yarda, ki kuma biya malamin tuƙi ya zauna gefenki 'yan kwanaki a cikin gari. Zagaye uku a bayan shago ba su goge shekarun da kika yi a kujerar fasinja ba. Motar ba ta da murya, kajin ƙauyenku da kuramen tsofaffinsa ba za su ji zuwanki ba, ke za ki gan su. Waɗannan takardun, na likita da na malamin tuƙi, su za ki ajiye wa Octavian. Ba benen yake son cika ba, wayar da za a bugo masa wata rana yake tsoro. Ki ba shi abin da zai kwantar masa da rai, zai bar akwatunansa a Iasi.

Saura abu ɗaya, wanda ba ki tambaya ba. Kwana tara makulli yana ƙofarki, kuma ke ba mace ce mai jinkirin miƙa hannu ba. Ina jin ba kunyar ƙauye kaɗai ta riƙe ki ba. Ranar da aka murƙushe motar nan, ba abin da zai sake hawowa daga gada yana ƙara da la'asar, kuma ke ce za ki sa hannu a kan hakan. Babu tallafin da ke biyan wannan. Ki san da shi tun yanzu, ki yi kukansa a sarari, ba a kan buhun masara ba.

Saboda haka ki roƙi Zaharia alfarma biyu. Alhamis ta ƙarshe ya hawo daga gada a hankali, ki ɗora ruwanki, su shigo shi da Profira ku ci tuwon tare. Ranar da za a kai ta kuma, daga ƙofar gida zuwa gada ke za ki tuƙa. Gwiwar hagu za ta yi ƙorafi, ki ba ta haƙuri, tafiyar ba ta da nisa. Shekara ashirin da biyu an hana ki kujerar nan, ki zauna a kanta sau ɗaya kafin ta tafi. In Tanase yana da magana a kai, ya san inda kike kwana, ya zo ya faɗa da kansa.

Allah ya bar ki a ƙarƙashin inabinki, ya tsare ki a hanya, ya daidaita ki da ƙawarki. Ki gaishe mini da Zaharia, ba sai ya amsa ba.

Aspazia